Kunyar 'Yar Fari

Ranar da aka sallamo matata daga asibiti da jaririyarmu ta fari, Kuala Lumpur ta riga ta shiga kullen korona. Sau biyu 'yan sanda suna tsayar da tasin da ya ɗauko mu kafin mu isa unguwarmu Kampung Baru, direban kuma sai leƙenmu yake ta madubi ta saman takunkumi. Ni ne riƙe da jaririyar. Matata ta jingina kai da gilashi tana kallon shagunan da aka garƙame, na ce a raina gajiyar haihuwa ce.

Ba haka muka tsara ba. Surukata, wadda kowa ke ce wa Hajiya, ta gama shiri tun cikin yana wata bakwai. Ta daka yajin jego, ta tanadi garin kunun kanwa, ta ɗaure jaka, za ta zo ta zauna da 'yarta har a yi arba'in. Sai korona ta rufe filayen jirgi. Yaji ya zauna a Kano, mu kuma muka zauna a ɗaki biyu a saman wani tsohon bene, ba uwa ba ƙanwar uwa. Ni da ko shayi sai an dafa mini, na wayi gari ni ne mai dafa ruwan wankan jego, ni ne kuku, ni ne mai wankin kayan jaririya. Doka ta ce mutum ɗaya ne zai fita cefane daga kowane gida, to wannan ɗayan ma ni ne.

Karatu ne ya kai ni ƙasar. Ina digirin digirgir a fannin tsara birane a wata jami'a da ke titin Jalan Semarak, kuma bincikena a kan abubuwan tunawa ne, irin waɗanda ake kafawa a dandali don kada a manta da mutanen da aka zalunta. Matata, da can mace ce mai tsokana, takan ce wasu sun zo koyon gina birni, ni na ɓige da gadin kaburburan Turawa. Babin da nake kai a lokacin a kan Jamus yake, zamanin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da gwamnatin kama-karya ta yanke cewa masu taɓin hankali cima-zaune ne, ba su cancanci rayuwa ba. A cike takarda a kan mara lafiya, wani likita da bai taɓa ganin idonsa ba ya sa alama a ƙasanta, shi ke nan an gama da shi. Sai motocin bas su zo ƙofar asibiti, an shafe tagoginsu da fenti don kada na ciki ya ga waje, kada na waje ya ga ciki. Bayan 'yan makonni dangi su sami wasiƙar ta'aziyya, wai ciwon huhu ne ya ɗauke shi.

Shekaru da yawa bayan haka masu zane da magina suka kafa abubuwan tunawa da su. Akwai wanda ya fi tsaya mini a rai: motar bas ce ta kankare zalla, girmanta ɗaya da ta gaske, an tsaga ta gida biyu yadda mutum zai ratsa ta tsakiyarta a ƙafa. A wasu wuraren kuma allunan gilashi ne cike da sunaye. Niyyata in je in gani da idona, kulle ya mayar da ni mai kallon hoto a kwamfuta da jaririya a kafaɗa.

Abin da ya fi ba ni haushi a binciken shi ne an daɗe ƙwarai kafin sunayen nan su fito fili, kuma cikin dalilan har da kunya. Iyalai da yawa ba sa son a ce a gidansu an taɓa yin mahaukaci. Na zauna na rubuta shafi uku ina caccakar su. Na ce gwamnati ta kashe mutanen nan sau ɗaya, dangi sun sake binne su da shiru. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Jimlar ta yi mini daɗi har na karanta wa matata da ƙarfi, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ga kuwa abin da ke faruwa a ɗakina. Matata ba ta ɗaukar yarinyar sai in za ta ba ta nono, kuma ko lokacin kanta na gefe tana kallon bango. Da ta gama sai ta miƙo mini ita. Ba ta yi mata wasa, ba ta kiran sunanta, in za ta ambace ta sai ta ce “yarinyar nan”. Da wani ne da ya tsorata. Ni kuwa, wallahi, daɗi na ji. Ai 'yar fari ce, kuma a wajenmu mace mai tarbiyya ba ta rawar kai a kan ɗan fari. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babban yayanmu a bakinta ba. Na ce lallai na yi dace, ga mace ta yi boko har digiri, ta tsallaka teku, amma ba ta yar da al'ada ba.

Hajiya kan kira kullum da la'asar ɗinmu, lokacin hantsi ne a Kano. Matata ta gaishe ta a taƙaice ta miƙo mini wayar, ni kuma in durƙusa kamar tana ganina, in ce lafiya lau, mai jego da sauƙi, jaririya na ta shan nono. Wata rana cikin raha na ce mata, 'yar taki fa kunya ta hana ta ko kallon yarinyar. Hajiya ta ce haka ake so, kunya ce. Ta sake cewa kunya ce, duk da ban musa ba.

Ƙofarmu na kallon ta wata dattijuwa 'yar ƙasar, mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma kulle ya tsare su a wasu jihohi. Makcik muke ce mata, wato goggo a harshensu. Tun da muka dawo take rataye mana farfesun kifi mai citta da masoro a hannun ƙofa, ta ƙwanƙwasa ta koma. Tagar kicin ɗinta na hango falonmu. Azumi ya kama, babu kasuwar buɗa-baki da ke cika layukan unguwar da hayaƙin gashi, masallatai a rufe, ladan ya kira salla kowa ya yi a gidansa. A kwanakin farko na azumin ne ta tare ni a kan matakala, ina shirin fita kedai, ɗan kantin bakin layi. Ta tsaya nesa kamar yadda doka ta ce, ta tambaye ni da guntun Turancinta me ya sa matata ba ta ɗaukar 'yarta.

Ai sai na gyara tsayuwa. Da ma a gida malamin makaranta ne ni, malami kuwa ba ya rasa lacca. Na yi mata bayanin kunya da kara, da yadda uwa a wajenmu ke kawar da kai daga ɗan fari, da yadda hakan yake mutunci ba ƙiyayya ba. Ta saurare ni har na gama, tana gyaɗa kai.

“Na ji,” ta ce. “Mu ma muna da kunya. Amma mai jin kunya, in ba kowa, tana satar kallon ɗanta. In ka fita ba kowa a gidan. Ina ganinta ta taga. Ba ta kallo.”

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata ji tsohuwa da sa ido, ina ruwan biri da gada. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, don haka na yi mata godiya a daƙile na sauka ina buga ƙafa. Amma maganar ta bi ni har kantin, ta biyo ni gida har kan sallaya. Kunya dai don idon mutane ake yin ta, don surukai da dangin miji da masu zuwa barka. Mu kuwa ba wanda ya tako mana barka, sunan ma ni na raɗa, aka yi addu'a ta waya. To kunyar wa take ji, ni ko bango? Daga ranar na fara lura. Farfesun Makcik yadda na zuba mata haka nake kwashe shi, alhali ba azumi take yi ba. Idanunta sun faɗa don rashin barci. Na lissafa na ga tun da muka dawo ba ta tsokane ni ko sau ɗaya ba.

Bayan kamar mako guda na dawo daga cefane da azahar, tun daga ƙasan bene nake jin kukan yarinyar, irin kukan da murya ta riga ta dishe. Na haura da gudu. Yarinyar na kan gado ta jiƙe da gumi. Matata na tsaye a kicin, famfo na zuba, ta harɗe hannayenta ta baya ta riƙe gam. A kan tebur ga wata leda an ƙulle bakinta tamau. Na kwance, wuƙaƙen gidan ne duka, har da almakashi da rezar askina.

“Malam, ka fitar da su daga gidan nan,” ta ce, ba ta juyo ba. “Tsoron hannuna nake ji. Yarinyar nan ba ta yi dacen uwa ba. Da ba na nan da ta huta.”

Na ɗauki yarinyar ina jijjiga ta, ban san wa ke lallashin wa ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Da ta yi shiru na ɗauki ledar na ƙwanƙwasa ƙofar Makcik. Ta karɓa ba ta tambaye ni komai ba, kuma ba ta ce da ma na faɗa maka ba. Ta shiga ta fito da 'yar takarda, ta rubuta sunan wani asibiti da sashen da za mu nema, ta ce mu je gobe.

Ban je gobe ba, ban je jibi ba, kuma wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin haushin kaina. Mu 'yan Arewa a garin nan ba mu da yawa, in ka yi atishawa a Jalan Semarak kafin la'asar an yi maka sannu daga Kano. Na hango ana cewa matar wane ta taɓu. Na hango har ranar da yarinyar nan mai kwana arba'in za ta girma, a zo neman aurenta, wani ya ce a dai bincika, uwarta fa ta taɓa kwanciya a asibitin masu taɓin hankali. Ga kuma abin da nake karantawa ya shige mini kai. A kwanakin an kewaye wasu gine-gine a unguwar Masjid India da waya mai ƙaya, nan inda muke zuwa sayen yadi, hotuna na ta yawo a waya, baƙin haure a jere ana sa su a manyan motoci. Takardunmu lafiyarsu lau, na sani. Na kuma san likitocin nan ba waɗancan na Jamus ba ne, zamanin ma ba shi ba ne. Amma sani daban, faɗuwar gaba daban. Da na rufe ido sai in ga takarda da alama a ƙasanta, da sunan matata a sama.

Sai na zama mai gadi. Na yi ta tofi a ruwa ina ba ta, na kunna karatun Alƙur'ani a ɗaki, na daina fita ko ƙofa. Na ɗaure tagar falo da igiyar shanya. Ko banɗaki zan shiga sai in bar ƙofar a buɗe, kunnena na waje. In ta motsa gabana ya faɗi, in ta yi shiru ya fi faɗuwa. La'asar na yi Hajiya ta kira, in durƙusa in ce da sauƙi. Rana ta uku, ina ajiye wayar idona ya faɗa kan kwamfuta, a buɗe take a kan hoton ɗaya daga cikin wasiƙun nan na ciwon huhu. Wanda ya buga ta shi ma ya iya gaisuwa, ya iya lafazi mai taushi. Na duba na ga kullum da la'asar irinta nake aika wa Kano, kuma ba wata gwamnati da ta sa ni.

Washegari Makcik ta karɓi yarinyar, ta ce doka ta yi haƙuri. A cikin tasi, a hanyar asibiti, matata ta kama hannun rigata ta ce, “Kada ka bari su rufe ni.” Na ce ba zan bari ba, alhali na san ba a hannuna yake ba. Aka auna zafin jikinmu a ƙofa, aka ba ni takarda in cike, muka zauna a kujerun da aka ɗaure na tsakaninsu da zare. Cikin tambayoyin akwai wadda ta ce ko a dangi an taɓa samun mai irin wannan lalura. Ban ko tsaya tunani ba na rubuta babu.

Sai bayan azahar muka ga likita, wata siririyar mace, ba abin da nake gani a fuskarta sai idanu. Na zuba wa biron hannunta ido ina jiran in ga me za ta yi da shi. Ta ajiye shi, ta jawo kujera ta zauna daidai matata, ta daɗe tana saurarenta. Daga baya ta ce mana ciwo ne sananne, yana kama mata bayan haihuwa a kowace ƙasa, ba laifin kowa ba ne, kuma yana da magani. Ta ce gara da muka zo yau. Sannan ta nuna inda na rubuta babu, ta tambaye ni na tabbata? Ta ce amsar na da amfani wajen kula da matata, yanzu da haihuwar gaba, in kira mahaifiyarta in ji.

Na fito na tsaya ƙarƙashin wata bishiya a wajen ajiye motoci, ga ƙishirwar azumi, ga takunkumi ya jiƙe. A Kano gari bai daɗe da wayewa ba. Hajiya ta ɗauka, muka gaisa yadda aka saba, ta ce ya mai jego. Amsar na kan harshena, ita kaɗai na iya.

“Hajiya, babu sauƙi,” na ce.

Tun da na auri 'yarta ban taɓa yi mata magana kai tsaye haka ba. Na gaya mata komai, har ledar, har kwana ukun da na ɓata, na kuma faɗa mata tambayar likita. Ina jin tattabarun gidansu ta cikin wayar.

“Mu huɗu nake ce wa mutane a ɗakinmu,” ta ce. “Mu biyar ne.”

Ta biyar ɗin ƙanwarta ce, mai bi mata. Ta yi haihuwar fari aka kawo ta gida wankan jego. Ta ƙi kallon jaririn, aka ce kunya ce, mata suka yi ta yabonta. Da abin ya wuce arba'in ta fara sambatu, sai aka ce iska ce. Aka kai ta ɗakin baya kusa da turken awaki, aka sa mata marin ƙarfe a ƙafa, jaririn kuma dangin uba suka ɗauke. Hajiya ce mai miƙa mata tuwo ta taga. Ƙanwar ba ta ga damina ta biyu ba, ta rasu. In baƙi sun tambaya a ce ta yi tafiya, daga baya aka daina tambaya. Ko matata ba ta san an yi ta a duniya ba.

“Tun ranar da ka ce mini ba ta kallon yarinyar ban ƙara barcin kirki ba,” in ji Hajiya. “Na ce maka kunya ce don ina roƙon Allah ya sa ita ce.” Sai ta ce in da biro a hannuna in rubuta. Ta faɗi sunan ƙanwar tata haɗe da na mahaifinsu, a hankali, sau biyu.

Na koma ciki na soke babu. Ma'aikaciyar jinya ta ce dangantaka kawai suke so, ƙanwar uwa ta isa, ba sai da suna ba. Na ce na ji, na rubuta shi cikakke.

An kwantar da matata, ban iya cika mata alkawari ba, kuma ta yi kuka da za a shiga da ita. Ba a barin masu dubiya. Amma ɗakin da aka sa ta yana hawa na biyu, tagarsa na kallon wajen ajiye motoci. An ɗan sassauta kulle a lokacin, sai kullum da hantsi in naɗo yarinyar, Makcik na ta faɗa a bayana, in zo in tsaya ƙarƙashin bishiyar nan in ɗaga ta sama. Kwanakin farko matata ta zo tagar ta kalle ni, ni kaɗai, ta koma. Kullum in tafi gida ina cewa ko dai na makara ne. Ana gobe salla ta zo ta dafa gilashin da hannu biyu, na ga idonta ya sauka daga fuskata zuwa abin da ke hannuna, ya zauna a can. Hannayena suka gaji, ban sauke ba.

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba, an sha magani wata da watanni, kuma har yau in ta yi dogon shiru sai na ƙirƙiro wata tambaya don in ji muryarta. Shafuka ukun nan da na caccaki iyalan kuwa na goge su. Malamin da ke duba aikina ya ce ai su ne suka fi ƙarfi a babin, na ce masa ba ni ya kamata in rubuta su ba.

Bayan mun koma gida Kano aka sake samun ciki. Wannan karon likita na biye da ita tun daga farko, Hajiya kuma na ɗakin tun ranar haihuwa. Mace aka samu. Mu ba ma zuba kankare a dandali don mamaci, suna muke mayarwa, kuma matata ce ta ce a mayar da na ƙanwar mahaifiyarta. Dangi suka tambaya sunan wa aka ci, Hajiya ta gaya musu da bakinta, a gaban mata 'yan suna. Aka kawo laƙabi iri-iri, ta ce ba ta yarda a ɓoye shi ba.

Ƙaramar yanzu ta iya gudu. In muka je gidan Hajiya, tana zaune a tabarma za ka ji ta ƙwala mata kira da cikakken sunan, yadda har maƙwabta za su ji. Yarinyar ta taho a guje ta ce ga ni. Hajiya ta kalle ta, ta ce ba komai, je ki wasanki. Ba za a jima ba ta sake kira.